Kirfa iri biyu ce, wacce ake sha don magani kuma nawa ne iyakarta?

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani su taimaka mini a kan kirfa. Wani saƙo yana ta yawo a WhatsApp cewa duk wanda ya lizimci cokali ɗaya na garin kirfa da zuma a ruwan ɗumi safe da yamma zai rabu da ciwon suga, hawan jini, ƙiba, har da ciwon gaɓoɓi. Yayata tana da suga, kuma ta kama sha. Na biyu, na lura sandar kirfa iri biyu ce. Akwai mai kauri, ja-ja, mai taurin gaske, akwai kuma siririya mai haske wadda ake murƙushewa da yatsa. Ɗayar jabu ce? Wacce ake sha don magani, kuma akwai iyaka ko ko nawa aka sha babu komai?

Ummu_Khairat:
Wa alaikumus salam. Ni dai na daɗe ina jefa ta a shayi, ban taɓa ganin illarta ba. Ɓawon itace ne fa, ba ƙwayar asibiti ba. Ki bar ta ta sha, Allah ya sa a dace.

Abu_Sadiq:
Maman Hanif, babu jabu a cikinsu, itatuwa ne daban amma dangi ɗaya. Siririyar ita ce ta Siri Lanka, tsibirin da ake kira Silon kafin 1972, shi ya sa har yau a kan kwali za ki ga an rubuta kirfar Silon. Mai kaurin sunanta kasiya, ana noma ta a kudancin ƙasar Sin da Biyetnam da Indunusiya, kuma ita ce ta cika duniya saboda ta fi araha nesa ba kusa ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ki dubi bakin sandar. Ta Silon ɓawo ne sirara da yawa aka cusa cikin juna, kamar naɗin tabarma. Kasiya ɓawo ɗaya ne mai kauri, ya lanƙwasa daga gefe da gefe ya bar rami a tsakiya. A baki ma sun bambanta, kasiya tana da zafi da ƙarfi, ta Silon kuwa ƙamshinta a hankali yake tashi, da ɗan zaƙi. Amma da zarar an niƙa su gari ido ba ya rabewa. Duk garin da ba a rubuta Silon a jikinsa ba, ki ɗauka kasiya ne.

ZainabPharm:
Sannunku. Bayanin Abu Sadiq shi ne tushen maganar, don bambancin bai tsaya a ƙamshi ba. Kasiya tana ɗauke da wani sinadari, kumarin, da yawa, ta Silon kuwa ɗan burbushi ne kawai a cikinta. Kumarin idan ya yi yawa a jiki kuma aka ɗore a kai yana wahalar da hanta, musamman ga wasu mutane da jikinsu bai iya sarrafa shi da kyau ba. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyaka tun 2004: miligiram 0.1 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai nauyin kilo 60 ke nan miligiram 6. Hukumar tantance haɗari ta Jamus ta yi lissafi da matsakaicin kumarin da ake samu a kasiya, ta ce irin wannan mutum yana kai iyakar da giram 2 kacal na gari a rana. Cokalin shayi ɗaya a shafe ya kai giram biyu da rabi. To safe da yamma giram 5 ke nan, an ninka iyakar har an wuce. Maman Hanif, wane cokali yayarki take amfani da shi?

Maman_Hanif:
Na kira ta yanzu. Cokalin cin abinci ne, Anti Zainab, kuma gari take saye, ba sanda ba.

ZainabPharm:
To wannan ya ninka cokalin shayi sau uku. Don Allah ta dakata da shi haka, kuma ta gaya wa likitanta abin da take sha da tsawon lokacin da ta yi tana sha, ko zai so a duba hantarta. Kada hankalinku ya tashi, irin wannan illar yawanci tana warwarewa idan an daina. Abin da na fi tsoro shi ne ta ajiye maganinta na asibiti don ta dogara da wannan.

Ummu_Khairat:
Anti Zainab ki yi haƙuri, amma ku ma'aikatan lafiya kome aka kawo na gargajiya sai kun samo masa aibu. Mutane nawa ne suke cin kirfa a duniya? Ina gawarwakin?

ZainabPharm:
Ummu Khairat, abin da kike yi ban ce ki bari ba. Guntun sanda a tukunyar shayi, ko ɗan barbaɗe a abinci, wannan kayan ƙamshi ne, kuma haka duniya take cinta lafiya lau. Cokali biyu na cin abinci kullum wata da watanni ba girki ba ne, shan magani ne, kuma duk abin da ake sha a matsayin magani yana da ma'auni. Hanta kuma ba ta saurin kuka, sai a gwajin jini ake fara ganin ta gaji.

Sani_Injiniya:
Ni tambayata ita ce, tana sauke sugan ko ba ta saukewa? Don ni ina da na'urar gwaji a gida, kuma tun da na fara sha na ga lambar safe ta ɗan yi ƙasa.

Dr_Kabiru:
Malam Sani, tambayarka tana da tarihi. A 2003 aka buga wani bincike da aka yi a Feshawar ta Pakistan a kan mutum 60 masu ciwon suga nau'i na biyu. An ba wasu giram 1, wasu 3, wasu 6 na kasiya a rana har kwana 40, sauran aka ba su abin da ba magani ba don a gwada. Sugan safe na masu shan kirfa ya sauka da kashi 18 zuwa 29 cikin ɗari. Daga nan labarin ya bazu duniya. Matsalar ita ce da wasu suka maimaita gwajin a wasu ƙasashe, wani ya ga ɗan sauƙi, wani bai ga komai ba. A 2012 ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 10 da suka ƙunshi mutum 577, ta ce babu isasshiyar hujjar da za a ce kirfa tana maganin suga. Ba ta ga bambanci ba a gwajin nan da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, wanda shi muka fi dogara da shi. Wasu nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun ga sugan safe yana ɗan sauka. Ni abin da nake gaya wa majinyata shi ne, ta yiwu tana ɗan taɓawa, amma ba ta kai matsayin da za ta tsaya a gurbin ƙwayar suga ta metformin ko allurar insulin ba. Kai kuma ka tambayi kanka, lokacin da ka fara shan kirfar, ba ka rage sukari a shayi ba? Ba ka ƙara kula da abinci ba?

Sani_Injiniya:
Sukari kam na daina sa shi gaba ɗaya, don ƙamshin kirfar yana sa ban jin rashinsa. To ai ko ta nan ta yi mini rana, Likita.

Dr_Kabiru:
Ƙwarai kuwa, wannan amfani ne na gaske, kuma ba ya buƙatar cokali cike. Sai dai masu shan maganin da ke sauke suga da ƙarfi su riƙa gwaji, kada abu biyu su haɗu ya faɗi ƙasa.

Hajiya_Turai:
Ni kuma cewa aka yi mini haɗin zuma da kirfa yana cikin magungunan Musulunci. Malamai a yi mana bayani.

Abu_Ammar:
Hajiya, zuma tana da aya, Suratun Nahli aya ta 69, Allah ya ce a cikinta akwai waraka ga mutane. Habbatus sauda tana da hadisi a Bukhari da Muslim. Ƙusɗul hindi ma haka. Wanda ya ce haɗin zuma da kirfa daga Manzon Allah (SAW) yake, to ya kawo ruwayar da littafin da take ciki mu duba, don jingina masa abin da bai faɗa ba babban haɗari ne. Likitocin Musulmi na da kamar Ibn Sina sun rubuta a kanta, sun sa ta cikin abubuwa masu zafi da ke ɗumama ciki. Wannan ilimin likitanci ne na zamaninsu, ana ɗauka ana bari gwargwadon abin da gwaji ya nuna. Ba wahayi ba ne.

Fatee_Z:
Wannan dogon jerin cututtukan da ake cewa zuma da kirfa suna warkarwa ya girmi WhatsApp. Wata jaridar Amurka mai suna Weekly World News ce ta buga shi a 1995, jaridar da aka san ta da labaran ƙirƙira na ban mamaki. Daga nan ya shiga imel, ya shiga Facebook, ana ta fassara shi harshe zuwa harshe, kowa yana ƙara nasa.

Rifkatu_D:
Tun da an taɓo addini bari in sa baki. A wajenmu kirfa tana cikin Littafi Mai Tsarki ƙarara, amma ba a matsayin abin sha ba. A Littafin Fitowa sura 30 an umarci Musa ya haɗa man keɓewa: ƙaron mur mai ƙamshi shekel 500 (shekel awon nauyi ne na da), kirfa mai ƙamshi 250, wani kara mai ƙamshi 250, kasiya 500, a cikin man zaitun. Da shi ake shafe alfarwa da kayan ibada da firistoci, kuma an hana kowa ya haɗa irinsa don amfanin kansa. Abin da ya ja hankalina da na karanta bayanin Abu Sadiq shi ne, a wannan wurin ma an ambaci kirfa daban, kasiya daban, kowacce da awonta. Yahudawa kuma har yau da yawansu suna shinshina kirfa da kanumfari a addu'ar rufe ranar Asabaci.

Malam_Tarihi:
Madalla da wannan, Malama Rifkatu. Sai dai a yi hattara kaɗan, masana suna jayayya kan ko abin da mutanen wancan zamani suke kira kirfa da kasiya su ne itatuwan da muka sani yau. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne darajarta. Hirodotus, marubucin Girka na ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce Misirawa suna cusa mur da kasiya a cikin gawa lokacin da suke shirya ta don kada ta ruɓe. Shi ne kuma ya kawo labarin da fatake suke bayarwa, wai wasu manyan tsuntsaye ne suke gina sheƙa da sandunan kirfa a kan duwatsun da ba a iya hawa, sai a yanka manyan tsokoki a ajiye musu, su kwasa su kai sheƙa, nauyi ya karyo ta, mutane su tsince. Bayan shekaru ɗaruruwa Filini, marubucin Rum, ya ce ƙarya ce 'yan kasuwa suka shirya don su tsuga kuɗi. Kuma dabarar ta yi aiki, don Turawa sun daɗe ƙwarai ba su san daga inda take fitowa ba.

Matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka Siri Lanka a 1344, ya ba da labarin ya ga itacen kirfa jibge a bakin teku, ruwa ya kwaso shi daga tudu. Turawan Fotugal suka iso a farkon ƙarni na 16 suka ɗora wa sarakunan bakin teku harajin ɓawon kirfa. Turawan Holan suka kore su, suka gama ƙwace tsibirin daga hannunsu a 1658, Ingilishi kuma suka karɓa a 1796. Duk wannan lokaci wahalar tana kan wata al'umma da ake kira Salagama, waɗanda aka tilasta wa shiga daji su ɓare ɓawo su kawo adadin da aka yanka musu. Turawan Holan ne suka fara dasa ta a gonaki, kuma wurin da gonakin suke a birnin Kolombo na Siri Lanka yanzu unguwar masu hali ce da har yau take ɗauke da sunan lambun kirfa. Ina jin ciwon wannan tarihin, don hannun da ya yi aikin shi ne bai ci ribar ba.

Abu_Sadiq:
Malam, aikin ma har gobe da hannu ake yin sa, shi ya sa ta Silon take da tsada. Ba a barin itacen ya girma. Ana sare shi kusa da ƙasa, ya yi toho da yawa, bayan kamar shekara biyu a yanke rassan. Sai lokacin damina ake yi, don a lokacin ne ɓawon yake saki. A kankare fatar waje, a goge reshen da sandar tagulla har ɓawon ciki ya saki jiki, a tsaga da wuƙa a zare shi ba tare da ya yage ba. Sannan a jera su ɗaya cikin ɗaya, a cika da ƙananan guntaye, har sandar ta wuce mita ɗaya, a shanya a inuwa. Mafi daraja ita ce wadda ake kira Alba, kaurinta bai wuce milimita 6 ba. Kasiya kuwa a kan bar itacen ya yi shekaru, a ɓare ɓawon da kaurinsa. Ƙasar Meziko ce ta fi kowa sayen ta Silon.

Bash_09:
Ni wani abu nake gani a TikTok, wai ranar ɗaya ga wata ka zuba garin kirfa a tafin hannu, ka tsaya a bakin ƙofa ka hura shi cikin gida, kuɗi za su shigo. Mutane da yawa suna yi. Miye gaskiyarsa?

Abu_Ammar:
Bashir, camfi ne, ka nisance shi. Ka turara ɗakinka da kirfa don ƙamshi, babu mai hana ka. Amma ka ƙudurce cewa hura gari a wata rana ta musamman yana jawo arziki, ka riƙi sababin da Allah bai sanya shi sababi ba, kuma wannan yana taɓa tauhidi.

Rifkatu_D:
A nan bakinmu ɗaya da Malam. Man da na ambata don keɓe abu ga Allah ne, ba don kiran kuɗi ba.

Dr_Kabiru:
Ta fuskar lafiya ma hura gari a iska ba abin yi ba ne, balle a gidan da akwai mai asma ko jariri. Ku tuna wasan da ya yi tashe a intanet wajen 2012, inda matasa suke ƙoƙarin haɗiye cokali ɗaya na busasshen gari ba ruwa. Garin yana shanye yawu nan take, mutum ya sarƙe, ya shaƙa. Zaren itacen ba ya narkewa a huhu, yana zama ya haddasa kumburi. An kwantar da yara a asibiti a kan wannan. Man kirfa kuma, wanda ake tatsa daga ɓawon, yana ƙona fata idan ba a sirka shi ba, kuma ba abin sha ba ne.

Nana_Asma:
Ni na shafa garin da zuma a fuska don ƙuraje, cikin 'yan mintuna fuskar ta yi ja tana raɗaɗi. Ashe dalili ke nan.

ZainabPharm:
Eh, sinadarin da ke ba ta ƙamshi, sinamaldehaid, shi ne yake cizon fata, kuma wasu jikinsu ba ya jituwa da shi sam. Akwai waɗanda cingam ko man goge baki mai kirfa yake sa wa gyambon baki, da sun daina ya warke.

Sani_Injiniya:
Anti Zainab, na ji an ce kumarin ɗin nan shi ne maganin tsinka jini, warfarin. Ke nan kirfa tana tsinka jini?

ZainabPharm:
Ana yawan haɗa su amma ba ɗaya ba ne. Kumarin na cikin kasiya shi kansa ba ya hana jini daskarewa. Warfarin danginsa ne da aka haɗa a ɗakin bincike, bayan an gano abin da ke sa shanu zubar jini idan sun ci wata ciyawa da ta ruɓe. Duk da haka mai shan warfarin, ko mai ciwon hanta, ko mai shan magungunan da ke bi ta hanta kamar na tarin fuka, kada ya ɗauki kirfa a matsayin magani sai da sanin likitansa. Mai ciki ma ta tsaya a ta girki.

Maman_Hanif:
To idan yayata ta samo ta Silon fa, za ta iya ci gaba da cokalin?

Dr_Kabiru:
Maganar kumarin ta ragu sosai, amma binciken Feshawar da kasiya aka yi shi, kuma gwajin da aka yi da ta Silon bai kai yawan na kasiya ba. Ni ba zan ba da shawarar cokalin cin abinci ba ko da wacce ce. Zumar ma kada a manta da ita, sukari ce, kuma sau biyu a rana ga mai ciwon suga ba ƙaramin abu ba ne.

Ummu_Khairat:
Ni har yanzu ina ganin ana tsorata mutane fiye da kima. Mutanen Sin sun fi shekara dubu suna magani da ita.

Malam_Tarihi:
Haka ne, Ummu Khairat, kuma kasiyar ce ma tasu. Suna raba ɓawon daban, ƙananan rassan daban, kowanne da aikinsa. Sanannen haɗinsu na rassan kirfa da citta da wasu saiwoyi yana cikin littafin wani likitansu na da, Zhang Zhongjing, tun wajen shekara ta 200 miladiyya. Amma ku duba yadda ake ba da shi: ga mai zazzaɓi da jin sanyi, a auna, a dafa, ya sha ya lulluɓa, da ya yi gumi an ce ya dakata. Su kansu ba su ce a sha kullum har abada ba.

Fatee_Z:
Ko Turawa da suke yawan cinta sun yi rigima a kai. Dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta ce kayan da ake gasawa irin su kek da biskit na yau da kullum kada kumarin ya wuce miligiram 15 a kilo, na gargajiya ko na lokacin biki kuma 50. A 2013 masu gidajen burodi a Denmak suka tayar da ƙura da aka ce naɗaɗɗen burodinsu na kirfa yana ajin 15, alhali maƙwabtansu na Suwidin sun sa nasu a ajin gargajiya.

Hajiya_Turai:
Yara fa? Jikokina suna son ta a madara.

ZainabPharm:
Hajiya, lissafin da nauyi yake tafiya. Yaro mai kilo 15 yana kai iyakarsa da kamar rabin giram na kasiya, wato ɗan abin da bai kai rubu'in cokalin shayi ba. Jefi-jefi babu damuwa, kullum ne abin dubawa. Ga yara kuma akwai wani dalilin da ya sa na fi son sanda a kan gari. A 2023 an janye wani abincin yara na tuffa da kirfa a Amurka, wanda aka haɗa a Ekwado, bayan an sami gubar dalma mai yawa a garin kirfar da aka zuba. Ɗaruruwan yara aka samu da dalma a jininsu. Gari ana iya cakuɗa shi da komai, sanda kuwa kina ganin abin da kika saya.

Nana_Asma:
Sandar mai kauri ta kusa lalata mini injin niƙa. Yaya ake yi da ita?

Abu_Sadiq:
Kasiya ba ta ƙaramin inji ba ce. Ki naɗe ta a tsumma mai tsabta ki farfasa da taɓarya, ki riƙa jefa guntu a abin da kike dafawa, ki tsame idan ya nuna. In gari kike so, ki goga ta a magogi mai ƙananan ido daidai abin da za ki yi amfani da shi a ranar. Ta Silon ce take niƙuwa ba wahala. A kwalba mai murfi, nesa da rana da tururin murhu, sanda tana yin shekara biyu har fiye da ƙamshinta, gari kuwa cikin 'yan watanni yake sanyi.

Sani_Injiniya:
Idan tafasa sandar aka yi aka tsame, kumarin ɗin yana fita cikin ruwan ko yana zama a itacen?

ZainabPharm:
Yana fita, Malam Sani, ruwan zafi yana jawo shi, kuma gwargwadon daɗewar tafasa da ƙanƙantar guntayen gwargwadon abin da zai fito. Bai kai a haɗiye garin gaba ɗaya ba, amma masu tafasa sanda uku huɗu su cika gora su wuni suna kurɓa, su ma su rage.